Ɗakin da kuke kwana kai da yayanka ya isheka fara sana'ar zane

Wani ƙanina daga unguwar Yelwa a Garwa ta ƙasar Kamaru ya turo min saƙo, yace shi mai zane ne, yana rubuta allon shaguna yana kuma yin allon zayyana na saukar karatu, ya ɗauki adashinsa jaka 150 na sefa, ɗaki ɗaya suke kwana da yayansa mai tuƙa kilando, wato mashin ɗin haya. Ya samu wani ɗan shago jaka 20 a wata amma mai shagon yace sai an biya wata shida gaba ɗaya. Tambayarsa ya kama shagon ne ko ya gyara wani lungu a ɗakinsu ya riƙa aiki a nan, tunda yayan ya fara ƙorafin warin fenti.

Wa alaikumus salam ƙanina, Allah ya sa albarka a sana'a. Gaskiya kar ka kama shagon nan yanzu. Yi lissafi da kanka, 20 sau 6 jaka 120 kenan, saura 30 a hannunka, da ita zaka sayi fenti da burushi da katako da allunan da zaka zayyana, kaga ka samu ƙofa da kwaɗo amma ciki wayam. Kuma ka duba aikin naka da kyau, rubutun shago ai yawanci a bangon mai shagon ake yinsa, kai ne kake zuwa wurinsa da gwangwanayenka, abin da kake yi a zaune shine zayyana da ƙananan alluna da zana samfur a takarda, wannan kuwa faɗin tabarma ɗaya ya ishe shi.

Amma kafin ka buga ƙusa ko ɗaya ka zauna da yayanka, nan ne duk maganar take. Ɗakin nan nasa ne kamar yadda yake naka, mutum ya yini kan mashin cikin ranar Garwa wadda a watan Maris da Afrilu take wuce digiri 40, ya dawo yana son ya miƙe ƙafa sai ya tarar da gwangwani a inda yake shimfiɗa, dole ransa ya ɓaci ko bai faɗa ba. Kace masa yaya ga abin da nake so, wannan kusurwar daga nan zuwa nan, daga fitarka da safe zuwa la'asar, kafin magariba na tattara komai. Sannan ka yanka wa kanka haya, ko jaka 3 ce a wata, ka ƙara a kan kasonka na kuɗin ɗaki ko ka ɗauke masa kuɗin wuta. Zai iya cewa haba bar shi, kai dai ka dage ka biya. Amfaninta biyu ne, na farko ya daina ganin kamar ka mamaye shi, na biyu kai kanka ka fara sa haya cikin farashin aikinka tun yanzu, ranar da ka koma shago na gaske ba zaka ji abin ya zo maka bagatatan ba.

Sai maganar warin da yake ƙorafi, wallahi yana da gaskiya kuma ba wari kaɗai bane. Fentin mai da diliwan da ake tsinka shi da shi tururinsu yana sa ciwon kai da jiri, ga shi suna kama wuta da sauri, kai kuma a ɗaki ɗaya kuke da mai kilando wanda ba mamaki akwai kwalbar zuwa-zuwa, wato fetur ɗin da ake sayarwa a bakin titi, a bayan ƙofa, da dare a kunna maganin sauro na hayaƙi. Wannan haɗin ban yarda da shi ba ko na kwana ɗaya. Ka raba aikinka gida biyu, na ɗaki da na waje. A ɗaki sai fensir da tawada da fentin ruwa, wato akirilik wanda da ruwa ake wanke burushinsa. Duk abin da ya shafi fentin mai a tsakar gida ko zaure za'a yi shi, da izinin mai gida, gwangwanayen kuma su kwana a waje cikin inuwa a akwatin ƙarfe mai kwaɗo saboda yaran gida. Tsumman da ka goge mai da su kar ka dunƙule su ka tura lungu, wasu mayukan fenti suna ɗaukar zafi da kansu har tsumma ya kama, ka shanya su a fili ko ka jiƙa su a ruwa. In zaka sayi fentin mai ka karanta jikin gwangwani, tun 2017 Kamaru ta taƙaita gubar dalma a cikin fenti zuwa 90 ppm, wato kashi 90 cikin miliyan, amma kasuwa kasuwa ce ana samun wanda ba rubutu ba komai a jikinsa, irin wannan ka bar musu kayansu musamman ja da rawaya.

Kayan aiki kuwa kar ka sayi tebur mai ƙafa huɗu, zai cinye ɗakin. Je wurin kafinta ya yi maka falanki mai maƙalewa a bango da hinji, in ka gama ka naɗe shi ya kwanta a jikin bango. Sama da shi kanta guda biyu, ta can ƙoli ta allunan zayyana ce tunda ayoyin Alƙur'ani ne a jiki, bai kamata su zauna ƙasa inda ake tsallakawa ba, kuma in mai saukar karatu ya zo ya ga yadda ka adana su kai ma darajarka ta ƙaru a idonsa. Ka zaɓi kusurwar da ke kusa da taga, ka haɗa da fitila mai caji ko ƴar sola mai farin haske don kala tana yaudara a ƙarƙashin jan ƙwai, ka zana shuɗi da dare gari ya waye ka ganshi wani iri. Lokacin hunturu ƙura zata dameka, nemi babban kwali ka riƙa kifewa a kan aikin da bai bushe ba, a bazara kuma akirilik yana bushewa tun a kan burushi, sai ka riƙa ɗiba kaɗan kaɗan kana yayyafa ruwa. Tawadar zayyana kam bata cin kuɗi, ƙaron da ake haɗa ta da shi yana nan a kasuwa, maƙwabtanmu Cadi ma suna cikin manyan masu fitar da shi a duniya.

In ni ne kai, gyaran kusurwar duka ba zai wuce jaka 40 ba, 60 ta tafi kayan aiki, 50 kuma ta kwanta a asusun waya na Orange Money ko MoMo a layin da ba shi kake sayen kati da shi ba, kar ka taɓa ta. Kuma 60 ɗin ma ba a rana ɗaya ba. Fari da baƙi da ja da shuɗi da rawaya sun isa, sauran kala haɗawa zaka yi. Babban gwangwani ya fi araha a lissafi amma in aiki bai yi yawa ba zafi zai daskarar maka da rabinsa, sayi daidai aikin wata ɗaya.

Abin da ke kashe masu sana'ar hannu a garinmu shine yi min zan kawo maka. Kowane aiki ka karɓi rabin kuɗi abans kafin ka buɗe gwangwani, ko ɗan uwa ne, faɗa masa da fara'a cewa na kayan aiki ne. Farashi kuma ka haɗa kuɗin fenti da katako da kuɗin mashin zuwa da dawowa da ladan yininka da ɗan kason haya, ka rubuta a littafi kowane aiki layi ɗaya. Kar ka tsaya gasar araha da masu buga ƙyallen talla da inji, a can zasu kayar da kai, kai ƙarfinka yana rubutun bango da baya yagewa da zayyanar hannu da iyaye suke so su rataye a ɗaki. Duk aikin da ka gama ɗauki hotonsa da rana ka sa a status na WhatsApp, ka rubuta lambarka ƙanana a ƙasan kowane bango da ka zana in mai shi ya yarda. Ka zaga wurin malaman makarantun allo su san da kai, ka kuma shirya kaya kafin Sallah da kafin komawa makaranta a Satumba, lokacin ne masu shaguna da makarantu suke sabunta rubutu.

Shago zai zo. Ranar da littafinka ya nuna wata shida a jere ribar da ta rage bayan ka ci ka sha ta ninka jaka 20 ɗin sau biyu, ko ka fara mayar da aiki saboda rashin wurin ajiya, ka koma wurin mai shagon, kuma ka roƙe shi ya karɓi wata uku maimakon shida. Ka gaida min yayan naka.