Kiristocin Otodoks da mu: amsa ga ƙanwata mai shirin zuwa Rasha

Ƙanwata, saƙonki ya iso, kuma na gode wa Allah da wannan gurbin karatun likita da kika samu a Kazan. Kin ce Baba bai saki jiki da tafiyar ba, don an gaya masa Kiristocin Rasha hotuna suke yi wa sujada. Kin tambaye ni ko 'yan Otodoks ɗin nan Kiristoci ne kamar mu, kuma in kin zo ina za ki riƙa zuwa ran Lahadi. Ki karanta wa Baba amsar nan, shi ma da shi nake.

Kiristoci ne, ba na ko tantama. Sun gaskata da Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, sun gaskata an gicciye Yesu ya kuma tashi a rana ta uku. Shaidar bangaskiya ta Nikiya, wadda aka tsara a 325 aka cike ta a 381, dukan jama'a ke rera ta a sujadarsu, tsofaffin mata ma sun haddace ta. Tun 988 sarki Biladimir na Kiyef ya karɓi baftisma tare da mutanensa, mu kuwa sai a 1893 su Bingham, 'yan mishan da suka kawo mana bishara, suka sauka Legas. Amma bambanci akwai shi, kuma ba ƙarami ba ne.

Kada ki ɗauke su 'yan Katolika masu dogon gemu. Duk gardamar da muka koya a ajin baftisma da Roma aka yi ta, tun daga Martin Luther a 1517. Su kuwa Gabas sun raba gari da Roma tun 1054. Ba su bin Paparoma, limamansu na unguwa suna da mata da 'ya'ya, bishop kuwa ba ya aure. An ma taɓa gwada haɗa kai. Malaman Lutheran na Tubingen a Jamus sun yi musayar wasiƙu da Irmiya na Biyu, shugaban ikilisiyar Konstantinoful, suna sa ran ya ce tafiyarsu ɗaya. Ya amsa musu dalla-dalla har sau uku, a 1581 ya roƙe su su daina rubuto masa kan koyarwa, in za su rubuto, su rubuto don zumunci. Abubuwan da suka hana su daidaitawa a lokacin su ne za ki tarar yau.

Na farko, wa ke da magana ta ƙarshe. Mu a ECWA an raine mu a kan cewa Littafi Mai Tsarki shi kaɗai ne ma'auni, ko fasto ya yi wa'azi sai a duba aya. Ɗan Otodoks zai ce miki ya yarda Littafin maganar Allah ne, sai ya tambaye ki wa ya tantance littattafai 27 na Sabon Alkawari. Zai tuna miki cewa jerinsu cif-cif ya fara bayyana ne a wasiƙar Ista ta Atanasiyus na Iskandariya a 367, kuma kafin nan ikilisiya tana baftisma tana cin Jibin Ubangiji. A wurinsu Littafin yana zaune ne a cikin koyarwar da aka gada daga manzanni, tare da manyan taruka bakwai na ikilisiya, kuma za su buɗe miki 2 Tasalonikawa 2:15. Ni har yanzu ina nan a kan cewa taron mutane na iya kuskure, Littafin ne ke gyara ikilisiya. Sai dai idan suka nuna mini yadda muka rarrabu, kowa da cocinsa da fassararsa, maganar tana yi mini zafi, don akwai gaskiya a cikinta.

Na biyu shi ne ceto, kuma nan ne zurfin yake. Mu mun saba jin ceto kamar shari'a a kotu: mai laifi ya tsaya, Almasihu ya biya, alƙali ya sallame shi, ta wurin alheri ba ta wurin ayyuka ba, kamar yadda Afisawa 2:8-9 ta faɗa. Su kuwa asibiti suke gani: zunubi ciwo ne da mutuwa, Almasihu ya ɗauki jikinmu don ya warkar da shi, mai bi kuma yana jinya har ƙarshen ransa, yana ƙara kama da Allah, yana tarayya da halinsa kamar yadda 2 Bitrus 1:4 ta ce. Shi ya sa in kika tambayi ɗan Otodoks ko ya sami ceto, ba zai ba ki rana da wata ba, zai ce yana sa zuciya ga jinƙan Allah. Da farko za ki ɗauka bai san Ubangiji ba. Ki saurara da kyau. Ba ya cewa azuminsa ne zai saye masa sama, yana cewa alheri na aiki a cikinsa, shi kuma dole ya ba da kai. Abin da nake yi musu tsoro shi ne mutum ya ƙare ransa bai taɓa hutawa a kan cewa an gafarta masa ba. Abin da suke yi mana tsoro shi ne mutum ya ɗaga hannu sau ɗaya a taron farkawa, ya ɗauka an gama.

Sai hotunan da suka tayar wa Baba hankali. Za ki shiga coci ki ga bango guda cike da zanen Yesu da Maryamu da tsarkaka, ƙamshin turare da kakin zuma ya cika wuri. Wata tsohuwa za ta kunna siririn kyandir, ta yi alamar gicciye daga dama zuwa hagu, ta sunkuya ta sumbaci gilashin hoton. Jikinki zai yi sanyi, Fitowa 20:4 za ta faɗo miki a rai. Su ma sun san ayar, sun yi fiye da shekara ɗari suna rikici a kanta, har aka farfasa hotuna. Yohanna na Dimashƙu ya kare su da cewa Allah marar ganuwa ba ya zanuwa, amma tun da Kalma ya zama mutum aka gan shi da ido, ana iya zana shi. Taron Nikiya na biyu a 787 ya yanke cewa sujada ta Allah ce shi kaɗai, hoto girmamawa ake yi masa, girman kuma na wanda aka zana ne. Ni ban sumbata, ban kuma roƙi tsarkaka su yi mini addu'a, don 1 Timoti 2:5 ta ce matsakanci ɗaya ne. Amma ba zan kira tsohuwar nan mai bautar gumaka ba. Iyayen irinta ne suka riƙe sunan Yesu lokacin da gwamnatin Sobiyet ta tarwatsa babban cocin Almasihu Mai Ceto na Mosko da nakiya a 1931. A filin Butobo, kudu da Mosko, an harbe mutum fiye da 20,000 tsakanin 1937 da 1938, a cikinsu akwai limamai da masu bi da yawa da aka kashe saboda bangaskiya. Mu da muka san ƙonannen coci a Arewa, bai kamata mu yi saurin yanke wa irin waɗannan mutane hukunci ba.

In kin je kallon sujadarsu, ki ɗaura ɗankwali, ki sa doguwar riga, ki shirya tsayuwa kusan awa biyu, babu benci sai kaɗan na tsofaffi, babu ganga babu jita, muryoyi ne kawai da tsohon harshen Silabonik. Kada ki shiga layin Jibin Ubangiji. A wurinsu gurasar da ruwan inabin jiki da jinin Almasihu ne na haƙiƙa, da cokali ake bayarwa har ga jarirai, kuma sai wanda yake ɗan cocinsu. Ba wulaƙanci ba ne.

Kada kuma ki zaci kowane Barashe haka yake. Mafi yawan abokan karatunki za su ce su Otodoks ne, da gicciye a wuya, amma coci sai Ista ko jana'iza. Shugabannin cocin sun manne wa gwamnati ƙwarai, Kiril da ke shugabanta tun 2009 ya goyi bayan yaƙin Yukren a fili, abin da ya ɓata wa 'yan Otodoks da yawa rai a duniya. Wasu za su kira cocinki "sekta", wato ƙungiyar ɓata. Ki yi haƙuri, ki amsa da ladabi. A Kazan ma rabin gari kusan Tatar ne Musulmi, masallacin Kul Sharif da tsohon cocin Otodoks suna cikin ganuwa ɗaya, wannan zaman ba baƙo ba ne a gare ki.

Akwai cocin Baftis da na Fentikos masu rajista a manyan birane, akwai kuma zumuntar ɗaliban Afirka. Ki nemi mai rajista, ki tambaya tun ranar farko. Tun Yuli 2016 doka ta hana yin bishara a waje da wuraren da aka amince sai da takardar izini daga coci, a gidajen kwana kuwa ta hana ko da takardar. Baƙo da aka kama ana cin sa tarar rubul 30,000 zuwa 50,000, ana iya korarsa daga ƙasar. An yi wa ɗaliban Afirka a Nizhni Nobgorod tara, an umarci wasu su bar ƙasar, saboda bidiyon sujada da aka sa a intanet. Saboda haka raba takardun bishara a ɗakin kwanan ɗalibai, ko ɗora hoton taron addu'a a shafinki, ki bar shi. Wanda ya tambaye ki abin da kika gaskata, ki amsa masa.

Ki zo da Littafi Mai Tsarki na Hausa, don ba za ki samu a kanti ba. Ki kuma gaya wa Mama kada ranta ya ɓaci in kika kira a gurguje ran 25 ga Disamba. A nan ranar aiki ce, lokacin jarrabawa ma, Kirsimetinsu sai 7 ga Janairu, don cocin na bin tsohuwar kalanda mai tazarar kwana 13. Ki turo mini ranar tashinku da wuri, in san yadda zan tare ki a Mosko.