Ɗan akuya ya ƙi kama nono

Malam, ka ce akuyarka ta haihu da asuba, har yanzu ɗan bai kama nono ba. Fara sa yatsa a bakinsa. In ka ji sanyi, kada ka ɗura masa komai, zai iya shaƙewa. Goge shi da tsumma, ka ɗumama shi tukuna.

Sannan ka ɗan tatsi uwar, sau da yawa kan nonon ne a toshe. Riƙe ta, shafa masa dakashin a leɓe, ka kai bakinsa hantsa. Dakashin nan ne garkuwarsa, kuma bayan awa 24 hanjinsa ba ya ɗaukar kariyar da ke cikinsa, don haka kada ka bari sai gobe. Cibiya kuwa, tsoma ta a aidin. In hantsar ta kumbura da zafi, kira likitan dabbobi.