Wansa na da taɓin hankali, shin in ba shi 'yata?

Tambaya: Malam, ni mazaunin Aboabo ne a Kumasi. Wani yaro mai sallah da sana'a yana neman 'yata. Amma wansa, uwa ɗaya uba ɗaya, yana fama da taɓin hankali irin mai sa mutum jin muryoyi. Shi ma yaron ba ya son shiga mutane, ga yawan zargi, wani lokaci maganarsa ba kai ba gindi. Ya halatta in hana shi?

Amsa: Alhaji, Allah ya saka maka da alheri da ka tambaya kafin ka yanke.

A mazhabar Malikiyya hauka na cikin aibobin da ke ba miji ko mata zaɓin warware aure, tare da kuturta da albaras da ciwon al'aura. Sai dai ana nufin haukan da ya tabbata a kan mutumin kansa. Ciwon wansa ba aibinsa ba ne a shari'a.

Duk da haka tsoronka yana da tushe. Wannan cuta, da likitoci ke kira sikizofireniya, tana bin jini. A cikin jama'a tana kama kusan mutum 1 cikin 100, amma ga wanda shaƙiƙinsa ke da ita haɗarin yakan kai kusan 10 cikin 100. Ka juya lissafin, Alhaji: kusan 90 ba za ta taɓa su ba. Ko tagwaye masu kama ɗaya, in ta kama ɗaya, kusan rabin lokaci ɗayan yana tsira. Binciken Seymour Kety na 1968 a ƙasar Denmak, kan yaran da aka ba riƙo, ya gano cutar da inuwarta sun fi yawa a dangin jini fiye da gidan da suka tashi. Inuwar nan ita ce irin halayen da ka ambata, kaɗaici da zargi da baƙuwar magana, kuma mafi yawan masu su ba sa kamuwa.

Abin da ke ci mini rai a zangonninmu shi ne da zarar yaro ya cika shiru sai a ce gadon gidansu ne. Allah ya hana mu yawan zato a Suratul Hujurat. Kunya ma takan sa saurayi ya daburce a gaban surukai. Likitan ƙwaƙwalwa ne ke iya rarrabewa, ba hirar bakin masallaci ba.

Saboda haka ka kira waliyyansa a keɓe ka tambaye su. Wajibi ne su faɗi gaskiya, ba giba ba ce, domin Annabi (SAW) ya bayyana wa Fatima bint Ƙais halin masu nemanta biyu. Ka binciki ko yana shan wiwi, don tana ƙara haɗarin. In ya yarda, ya je sashen masu larurar ƙwaƙwalwa na asibitin Komfo Anokye a duba shi. Addu'a da ruƙiyya ba sa hana zuwa asibiti.

In likita bai ga cuta ba kuma 'yarka na sonsa, ban ga hujjar hana shi ba. In an ga cutar, kana da damar janyewa, amma haramun ne ka yaɗa sirrin gidansu. Wallahu a'alam.