Amsa ga 'yar'uwar da aka nema ta gwada tsarin saƙar tedi

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Na ga tambayarki cewa wata mai rubuta tsarin saƙa ta nemi ki saƙa tedi (abin wasan yara mai siffar dabba) da ta tsara kafin ta fara sayar da rubutun, ke kuma ba ki san abin da ake so daga gare ki ba, tunda dai kin iya saƙa. Na daɗe ina wannan aiki a nan Katsina, ina kuma koyar da 'yan mata saƙar kibiya a gida, don haka bari in faɗa miki abin da na sani.

Ba tedi mai kyau take nema a wurinki ba, domin ta riga ta saƙa nata. So take ta san ko wadda ba ta taɓa ganinta ba za ta iya bin rubutun nan layi-layi ta fitar da irin nata. A nan ne ƙwarewa take cutar da mai gwaji. Hannun da ya saba yakan gyara kuskure shi kaɗai, mai shi ba ta ma lura ba. A ce kan tedin ya fara da idon saƙa 6, ya koma 12, 18, 24, sai rubutu ya ce layi na gaba zai ba ki 30, amma umarnin ƙarin da aka rubuta 28 yake bayarwa. Gwana sai ta cusa ido biyu ta wuce abinta. To wannan ido biyun shi ne dalilin da ya sa aka ba ki aikin. Ki tsaya, ki rubuta lambar layin, ki ɗauki hoto, ki tura mata. Idan kika rufe shi, sabuwar ɗaliba ce za ta sayi tsarin, ta warware sau nawa, ta ƙare tana zargin kanta. Na ga yarinya ta ajiye kibiya gaba ɗaya saboda kuskuren da ba nata ba ne, abin kuma ya daɗe yana damuna.

Saboda haka ki ajiye littafi da biro kusa da ke. Ko jimla ce kika karanta sau biyu kafin ki gane, ki rubuta. Ko ba kuskure ba ce, ta nuna bayanin bai fito ba.

Sai maganar zare, wadda ta fi shafarmu mu nan. Yawancin tsare-tsaren da ake samu a intanet, irin na shafin Ravelry, da zaren Turai ko na Amurka aka rubuta su. Abin da muke samu a babbar kasuwa galibi zaren roba ne na akirilik, kaurinsa kuma ba lallai ya zo ɗaya da nasu ba. Kafin ki fara, ki saƙa ɗan ƙyalle ki auna santimita 10 tsawo da faɗi, ki ƙirga ido da layi, ki gwada da abin da ta rubuta. Ki lura da lambar kibiya ma: lamba 6 ta Amurka ita ce milimita 4, amma a tsohon lissafin Ingila milimita 4 lamba 8 ce. Idan ba ta sa milimita ba, ki ce ta sa. Kuma abin wasa da ake cusawa yana son kibiya ƙarama fiye da wadda aka rubuta a jikin zare. Zaren da ake yi wa rigar sanyi da milimita 4, ni da 3 ko 3.25 nake yi masa tedi, don saƙar ta matse kada abin da aka cusa a ciki ya riƙa leƙowa. Ki ɗora ƙullin zaren a sikeli kafin ki fara da bayan kin gama, ta san giram nawa ya ci.

Wajen cusawa na fi son faiba, wadda masu filo suke sayarwa. Audugarmu ta wajen Funtuwa tana da kyau a hannu, amma da an wanke sai ta dunƙule ta ƙi bushewa, abin yara kuwa dole a wanke shi, balle da ƙurar hunturu. Ki yage faibar ƙanana-ƙanana, ki fara cika hanci da tafin ƙafa da bayan fensir. Wuya shi ne wurin da tsari mai rauni yake tona kansa. Idan kin cusa yadda ta ce amma kan yana langaɓewa kamar na jaririn da bai yi arba'in ba, ki faɗa mata, wataƙila ragin wuyan ya yi yawa.

Haɗa gaɓoɓi ma ki duba da kyau. Da yawa suna rubuta "ɗinka kunnuwa a kai" su yi shiru. A wane layi? Ido nawa tsakaninsu? Fuskar tedi duk a nan take. Idan irin mai hannu da ƙafa masu juyawa ne, salon da kamfanin Steiff na Jamus ya fito da shi tun 1902, a saƙa da maɓalli da zare mai ƙarfi ake yinsa, kuma wannan bai dace da ƙaramin yaro ba. Haka idon roba. Duk abin da za a ba yaron da bai kai shekara 3 ba, a ɗinka masa ido da hanci da baƙin zare. Jikin saƙa yana buɗewa, idon yana iya zarewa ya tafi baki. Idan ba ta rubuta wannan gargaɗi ba, kada ki ji nauyinta, ki matsa sai ta rubuta.

Kuɗi kuwa, a al'adar wannan aiki yawanci ba a biya, gyararren tsarin ake ba ki kyauta, zare kuma naki. Ku yi magana tun yanzu kan ranar gamawa, da ko za ki iya sa hoto a Facebook kafin ta fitar, da ko an yarda ki sayar da tedin da kika saƙa. Rubutun dai amana ne, kada ki tura shi ko a nan cikinmu. Idan kin kai wuya, ki turo mana hoton ta gefe kafin ki rufe, in duba miki cusawar. Allah ya ba da sa'a.