Sau uku ana yi mini addu'ar kuɓutarwa, me ya sa nake komawa tramol?

Tambaya: Ni Kirista ne, ɗan moto (mai haya da babur) a Garwa ta ƙasar Kamaru. Shekara 4 ke nan ina shan tramol (ƙwayar tramadol) don in jure aiki, da yamma kuma in ratsa gidan bilbil (giyar gargajiya). Sau uku ana ɗora mini hannu a majami'a, amma ba na kwana biyu sai jiki ya hau rawa, in koma. Allah ya ƙi ni ne? Rawar jikin nan horonsa ce?

Amsa: Ɗan'uwa, sannu. Allah bai ƙi ka ba. A Markus 2, da aka zuro shanyayyen nan ta rufin ɗaki, gafarar zunubi Yesu ya fara ba shi yana kwance a kan shimfiɗarsa, daga baya ya ce masa ya tashi. Abu biyu ne. Gafara takan samu nan take ga wanda ya furta zunubinsa, kamar yadda 1 Yahaya 1:9 ta alkawarta. Jikin da ya shekara 4 yana karɓar ƙwaya kuwa, sai an bi shi a hankali.

Rawar jiki, zufa, zawo da rashin barci alamu ne na jikin da ya saba da ƙwaya aka yanke masa ita farat ɗaya. Sukan fara cikin kwana guda, su tsananta a kwana na biyu da na uku, daidai inda kake faɗuwa. Iyakar da likitoci suka sa wa tramadol ita ce miligiram 400 a rana. Ƙwaya biyu na mai lamba 225 da ake sayarwa a bakin titi sun riga sun haura haka, shi ya sa wasu ke faɗuwa da farfaɗiya a kan babur. Giya ma tana da nata haɗarin: wanda ya saba sha kullum, in ya tsaya kwatsam, zai iya shiga ruɗewa da gane-gane tsakanin awa 48 zuwa 72, kuma wannan yana kisa. Don haka kada kowa ya sa ka azumin da ba ci ba sha a makon farko. Je asibiti, ka faɗa wa likita gaskiyar ƙwaya nawa kake haɗiya, ya tsara maka ragi. Wannan ba ƙarancin bangaskiya ba ne. Annabi Ishaya da kansa ya sa aka shafa wa sarki Hezekiya curin ɓaure a kan marurunsa, bayan Allah ya riga ya ce zai warke.

Inda muke ganin an fi yin kuskure shi ne a fita gaba a taro, a yi kuka, a koma gida ba wanda ya san takamaiman abin da ke cin mutum. Yaƙub 5:14-16 ta ce a kira dattawan ikilisiya su yi addu'a su shafa mai, ta kuma ce a furta wa juna zunubai. Zaɓi dattijo ɗaya mai riƙe asiri, ka faɗa masa komai: wa ke sayar maka, ƙarfe nawa, nawa kake kashewa. Ku riƙa haɗuwa kullum a makonni biyu na farko, ko da na minti 15 ne, ku karanta Zabura 32 ko 51, ku yi addu'a.

Sai ka toshe ƙofa. Matiyu 12:43-45 ta yi kashedi kan gidan da aka share aka bari wayam. Canza wurin da kake tsayawa jiran fasinja, goge lambar mai sayarwa, cinikin yini kuma ya shiga hannun maiɗakinka ko ɗan'uwanka kafin magariba. Lokacin da ka saba zama a gidan bilbil, cika shi da zumuntar maza ko koyon waƙa. Rage awannin tuƙi, tunda gajiya ce ta fara kai ka.

In ka zame, kira dattijon a ranar, kada ka jira Lahadi. Kuma kada ka koma adadin da ka saba sha a da, domin jikin da ya huta ba zai iya ɗaukarsa ba. In ka ga farfaɗiya, ruɗewa ko numfashi yana ja baya, a kai ka asibiti nan da nan, a yi addu'ar a hanya.