Kun Tambaya: Kwikwiyon Nan, Jinin Ado Ne ko Jinin Aiki?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina neman karen Jamus, wanda muke kira Alseshan, don gadin gona. Mai sayarwa ya nuna mini takardar asalin uban kwikwiyon da ta uwarsa, ya ce an shigo da su daga Turai. Na ga VA, SG, IGP1 da Kkl a gefen sunaye, ya ce min wannan duk shaidar karen aiki ne. Gaskiya ne? (Wani mai karatu daga Kaduna)

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Maganarsa ba ta cika ba. Ƙungiyar SV, wadda Max von Stephanitz ya kafa a Jamus a 1899, ita ke riƙe da rajistar wannan kare, kuma a tsarinta kare kan ci jarrabawar aiki kafin a ba shi shaidar cancantar kiwo, ko da na gasar kyau ne. Saboda haka IGP1, wato matakin farko na wannan jarrabawa, za ka gan shi a takardar jinin ado, za ka gan shi a ta jinin aiki. Shi kaɗai ba ya raba gardama. Haka ma Kkl, wadda ke nufin alƙalin kiwo ya duba karen ya amince a haɗa shi don haihuwa.

Abin da ke rabawa shi ne filin da iyaye da kakanni suka yi suna. Takardar SV tana ɗauke da zuri'a huɗu, karnuka 30 ke nan. Ɗauki biro ka bi su ɗaya bayan ɗaya. VA daraja ce ta siffa da kyawun tafiya, ana bayar da ita a babbar gasar kyau ta shekara, wadda a Jamus ake kira BSZS. In ka ƙirga VA uku ko huɗu cikin iyaye da kakanni, ga V, darajar da ke bin VA, birjik, wannan jinin ado ne, ba sai an tambayi kowa ba. A takardar jinin aiki darajar siffa takan tsaya a G ko SG, waɗanda ke ƙasa da V, amma za ka ga SchH3, IPO3 ko IGP3 sun yi yawa, har ga mata, tare da BSP, babbar gasar aiki ta Jamus, ko WUSV-WM, gasar duniya. SchH, IPO da IGP jarrabawa ɗaya ce da aka yi ta canja wa suna, lamba 3 kuma matakinta ne na ƙoli, IGP shi ne na 2019 zuwa yau. Kashi uku gare ta: bin sawu, biyayya, da kāriya, kowanne maki 100.

Akwai tarko a harafin V. A gasar kyau yabon siffa ne, a jarrabawar aiki kuwa yana nufin kare ya samu maki 286 ko fiye cikin 300. Masu talla kan cakuɗa su, wani lokaci da gangan. Ka nemi a nuna maka makin.

Sunan gidan kiwo ma yana magana, domin kowane kare da sunan gidansu ake rajistarsa. Wienerau, Arminius, Arlett da Wildsteiger Land gidajen ado ne, haka karnuka irin su Ursus von Batu, Zamp vom Thermodos da Vegas du Haut Mansard. A ɓangaren aiki za ka ci karo da Fero vom Zeuterner Himmelreich, Troll von der bösen Nachbarschaft, Yoschy von der Döllenwiese ko Tom van't Leefdaalhof. In ka ga z Pohraniční stráže, gidan kiwon dakarun tsaron iyaka ne na tsohuwar Cekoslobakiya, kuma karnukan Cek kan ɗauki shaidar ZVV. DDR kuwa tsohuwar Jamus ta Gabas ce, wadda ta shuɗe tun 1990, don haka mai ce maka kwikwiyonsa DDR ne zalla, sai ka duba nisan waɗannan kakannin a takarda.

Kada ka wuce wurin da aka rubuta Inzucht. Nan ake nuna kakan da ya fito ta wajen uba ya kuma fito ta wajen uwa. Lamba 3-4 na nufin yana zuri'a ta uku a ɓangaren uba, ta huɗu a ɓangaren uwa. Sunan da aka ninka shi ne jinin da mai kiwo ya nufa, ya fi suna guda mai tashe da ke can ƙarshen takarda nauyi.

Launi ɗan taimako ne kawai. Na ado galibi ja ne mai baƙin sirdi, bayansa a gangare. Na aiki yakan zo ruwan toka irin na kyarkeci, ko baƙi wuluk, bayansa ya fi miƙewa, jikinsa a ɗaure.

Ga ra'ayinmu kan gonarka: jinin aiki na gaske ba ya zama haka nan. In ba mai horar da shi kullum, zai koma tona rami, tauna tiyo, da bin awaki da kaji. Idan haushi da kwarjini kake nema, jinin ado mai natsuwa ya wadatar.

Tambaya: To yaya zan tabbatar takardar ta karen da ke gabana ce?

Amsa: Lambar ɗan guntun na'urar da ake dasa wa kare a ƙarƙashin fata tana rubuce a takardarsa. Ka sa likitan dabbobi ya ɗora na'urar karantawa a wuyan uwar da na uban, lamba 15 za su fito, su yi daidai da na takarda ba bambancin ko ɗaya. Takardar asali ta ainihi ka nema, ban da hoton waya. Sannan ka duba sakamakon hoton ƙashin ƙugu, HD, da na gwiwar ƙafar gaba, ED. A tsarin SV, normal shi ne mafi kyau, sai fast normal, sai noch zugelassen, wanda da ƙyar ya tsallake. In akwai lambar ZW, ƙasa da 100 ake so, domin tana nuna haɗarin gadon ciwon ƙugu bai kai na yawancin karnukan ba. Kwikwiyo ɗan sati takwas ba a gane ƙugunsa da ido, sai ya shekara ake ɗaukar hoton da SV ke karɓa.