Ba zawo ba ne 'yar'uwa, kashin ne ya taru

Wallahi ina karanta tambayarki sai da ƙwalla ta cika min ido. Yaro ɗan shekara 4, sai ya yi kwanaki bai yi bayan gida ba, in ya tashi yi sai ihu, ga wando kullum a ɓace, kina tambaya ko maganin zawo za ki ba shi. Don Allah kar ki ba shi! Haka nawa ya yi a nan Garwa.

Likitan yara ne ya fahimtar da ni. Ranar da kashi mai tauri ya tsaga wa yaro dubura, tsoro ke kama shi, sai ya dinga matsewa. Na cikin ya ƙara bushewa, mai ruwa-ruwan ya zagayo ta gefe ya zubo a wando, shi ko ji ba ya yi.

To uwar mijina cewa ta yi ƙazanta ce da gangan. Na dawo daga kasuwa na tarar ta zane shi da bulala, ta kuma jiƙa sabulu ta ɗura masa ta baya. A bayan randa na same shi, ya harɗe ƙafafu, jiki na ɓari, yana cewa "Mama ban yi ba." Da na yi magana, wai ita da ta raini ubansa zan koya wa reno? Maigidan ko uffan. Uwa ce, na yi shiru, amma har yau abin na nan a raina. Ɗurin sabulun nan ƙona hanji yake, kar ki yarda.

Forlax na yara mai giram 4, maganin da ke sa kashi ya yi laushi, aka rubuta mana, ana kaɗawa a ruwa. Sai da aka fara fitar da wanda ya taru tukuna, sannan aka ci gaba wata da watanni. Kar ki daina don kin ga ya yi laushi, dawowa yake. Amma likita ne zai faɗa miki awon, ba mai talla a kasuwa ba.

Ki dinga ba shi ruwa sosai kuma, musamman a zafin Maris da Afrilu da yake haura digiri 40. Rage masa burodi da makala (fanke), ki yawaita gwanda, mangwaro, wake, miyar kuɓewa da zogale. Yana gama cin abinci ki zaunar da shi a fo minti 5, ƙafa a ƙasa, ba tsawa. Ki leƙa masai na lekol, wato makarantarsu, ma, nawa ƙyamarsa yake shi ya sa yake riƙewa har a tashi.

In kin ga ciki ya kumbura, ko koren amai, ko yana ramewa, ki kai shi asibiti a ranar. Allah Ya ba shi lafiya.